Goɗiyar da Lawali ya shigar tirela

Shekara takwas ke nan da muka kai Lawali makwancinsa, a irin wannan lokaci da ganyen itatuwan Greensboro, nan Amurka, ke juyewa ja yana zuba a kan motoci. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, in zauna in zauna, in ajiye. Mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya, kuka ci kwano ɗaya, ka tsaya masa ranar sunan ɗansa, ba ya shiga shafin jarida da sauƙi. In ka yabe shi kawai ka yi ƙarya, in ka faɗi komai kuma kana tsoron a ce ka tona asirin mamaci. Bana na nemi izinin matarsa, Hajiya Hadiza, ta ce in rubuta yadda abin ya faru, kada in ƙara gishiri, kada kuma in rage.

Ni haifaffen zangon Kumasi ne, shi kuma mutumin Maradi. A masallaci muka haɗu wata Juma'a, ina neman wanda za mu raba haya, shi kuma yana kwana a falon wani ɗan garinsu. Dogo ne siriri, mai yawan dariya, ga wushirya. Abin da ya fara haɗa mu gardama Hausata ce. Mu a zango ba mu cika raba mace da namiji a magana ba. Sai in ce uwata ya kira ni a waya, shi kuwa ya kwanta a kujera yana dariya har da hawaye, yana tambayata yaushe tsohuwa ta fitar da gemu. Shi ya fara miƙar mini da harshe, matar da na aura daga baya, 'yar Kano, ta ƙarasa aikin. In kun ga rubutun nan ya tafi daidai, ladan nasu ne.

Ba zan ɓoye ba, Lawali ɗan caca ne, kuma cacar doki. A Yamai ya koya, lokacin yana yaron tela. A can akwai 'yan rumfuna a bakin titi inda ake sayar da tikitin tiyarse, wato cacar dawakin da ke tsere a Faransa. Maza sukan taru da safe a gindin bishiya kusa da rumfar, kowa da takardar tseren ranar, ana musu a kan dawakin da ba wanda ya taɓa jin ɗumin jikinsu. Lawali ya yi suna a irin wannan majalisa. Ya san haramun ce, bai taɓa yi mini gardama a kan haka ba. Yakan ce shi ba ɗan caca ba ne irin na makafi, shi mai karatu ne, in ce masa ai duk kanwar ja ce.

Na sha jin karatun nasa har na haddace, ko da yake ban taɓa sa ko sisi a kan doki ba. Abu uku yake dubawa. Na farko, yadda doki ya yi a tserensa na baya: da wa ya kara, a wace irin ƙasa, ya ƙarasa da ƙarfinsa ko kuwa numfashi ya yanke masa kafin layi. Yakan ce doki ɗaya a fage gudu gare shi, don haka nasara a cikin raggaye ba nasara ba ce. Na biyu lafiyar jiki, wadda a Yamai sai dai ya yi kirdado daga takarda. Na uku kuwa, wanda ya fi ba muhimmanci, shi ne hutu. Dokin da aka maido fage da wuri gajiyar jiya tana cikin ƙashinsa. Wanda ya daɗe a barga kuma ya yi tsatsa, kada ka bi shi a fitowar farko. In ya yi bajinta a ta farkon ma, ka yi hattara da ta biyu, domin sau da yawa jikin yakan karɓi bashinsa. A ta uku ake kama shi. Yakan ce gudun jiya kowa na iya karantawa, hutu ne mutane ke tsallakewa, don mai kwaɗayi ba ya son jin labarin jira.

Aikinsa na farko a nan wanke-wanke ne a kicin ɗin kulob ɗin masu kuɗi na Irving Park. Daga nan ya ji ana neman mai kula da dawaki a wata gona a Summerfield, can arewa da gari. Jiharmu ba ta da filin tsere a lokacin, amma masu dawakin tsere na jihohin arewa sukan turo waɗanda suka gaji ko suka ji rauni su huta a irin waɗannan gonaki. Gonar ta wata tsohuwar Baturiya ce, Lawali yana ce mata Madam. Ranar da ya fara aiki ya dawo yana warin barga, ya zauna a bakin gado bai ko taɓa shinkafa da waken da na dafa ba. Ya ce mini shekara da shekaru yana karanta dawaki, sai yau ya ɗora tafin hannunsa a wuyan ɗaya, ya ji jini na bugawa a ƙarƙashin fata. Gani ya kori ji. Na yi zaton daga nan zai bar caca. Bai bari ba, sai ma ya ce yanzu ne karatunsa ya cika, tunda abu na biyu ya zo hannunsa. Ya yi aure, ya kawo Hadiza daga Maradi, aka haifi Nasiru. Ya rage, amma jefi-jefi yakan tsallaka iyakar jiha ya je inda doka ta yarda.

Wata shekara da farkon zafi aka kawo wata goɗiya mai launin toka. Sunanta na Turanci dogo ne, shi dai Hurde yake kiran ta, wani lokaci ya ce ɗiyata. Ta ci tsere da dama a ƙuruciyarta, amma jijiyar ƙafarta ta gaba, ta hagu, ta kumbura. Likitan dabbobi ya ce a bar ta har sanyi ya zo ya wuce. Mafaɗaciya ce, ta ciji ma'aikaci ɗaya, ta harbi wani. Lawali kaɗai take bari ya shiga wurinta. Shi ke zuba wa ƙafar ruwan sanyi safe da yamma, shi ke naɗe ta, shi ke jan ta da ragama a hankali a gefen shinge yana yi mata hira da Hausar Maradi. Na je gonar sau ɗaya na gan su. Na ce masa wannan doki kyakkyawa ne, ya ji sauƙi? Ya harare ni ya ce ita ce, ba shi ba, yaushe zan yi hankali.

Ganye bai gama ja ba sai ga saƙo daga mai ita, wani mutum da ba mu taɓa gani ba, cewa a shirya ta, tirela na zuwa. Lawali ya je ya sami Madam ya ce ƙafar ba ta warke ba, kumburin ne kawai ya sauka, in ya shafa da asuba yana jin zafi a ciki. Madam ta yarda da shi, ta kira mutumin, ta yi magana har muryarta ta ɗaga. Amsar da aka ba ta ita ce dokinsa ne, kuma akwai likitoci a filin tsere da za su duba. Ranar da tirelar ta zo Hurde ta ƙi shiga. Direban ya ja, wani ya tura, ta kafe ƙafafu, ta miƙe tsaye tana neman karya kanta. Da aka rasa yadda za a yi sai aka kira Lawali. Ya karɓi ragamar, ya sa bakinsa kusa da kunnenta, ya taka gangaren tirelar a gabanta. Ta bi shi kamar akuyar gida. Ya ɗaure ta, ya fito ta ƙaramar ƙofa, aka rufe.

Ba a daɗe ba ya zo gidana ya ce in taimaka in kai shi wani filin tsere a jihar da ke arewa da mu, motarsa ba za ta iya doguwar tafiya ba. An sa Hurde a tsere ranar Asabar, yana son ya gan ta. A hanya ya yi mini bayanin abin da ke damun sa. Tseren da aka sa ta na ƙananan dawaki ne, irin wanda kowane doki a ciki an sa masa farashi, mai so ya saye shi kafin a tashi. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Goɗiya mai suna irin nata ba a jefa ta cikin 'yan ƙananan nan sai mai ita na son ya rabu da ita kafin asirin ƙafar ya tonu. Amma jama'a za su ga sunanta da tarihinta, su rufa mata da kuɗi. Na tambaye shi ko babu wanda za a kai wa ƙara. Ya ce wa zai saurari mai kwashe kashin doki bayan likita ya sa hannu.

Da la'asar sakaliya muka shiga, ana iska mai sanyi, mutane ba yawa. Akwai wani ɗan da'ira inda ake zagayawa da dawaki kafin a hau, jama'a su gani. Da aka zo wucewa da Hurde Lawali ya yi wata 'yar fito da yake yi mata. Ta ɗaga kai, ta juya kunnuwa, ta neme shi cikin mutane har mai jan ta ya fizgi linzami. Lawali bai kalli fuskarta ba, ƙafar hagu yake kallo. Daga nan idonsa ya koma kan sauran dawakin ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan wani bikili mai sheƙin fata. Ya ce mini yana zuwa. Na hango shi a layin taga inda ake yankar tikiti. A raina na ce ƙauna ce, zai sa wani abu a kan ɗiyarsa ko don kara.

Aka buɗe ƙofofi. Hurde ta fita gaba, toka a cikin jajaye, ko ni da ban san doki ba na ga bambancin. Suka zagayo, suka nufi kwana ta ƙarshe tana gaba. Lawali ya hau kan benci yana ihu da Faransanci, yana dukan iska da hannu. Ni Hurde nake kallo, shi ya sa na gani. Gabanta ya nutse kamar wadda ta taka rami. Mahayin ya wuntsila ta kan wuyanta, ta faɗi, ta mirgina, sauran dawakin suka kauce suka wuce. Sai ta tashi. Wannan ne abin da har yau nake gani in na rufe ido. Ta tashi a kan ƙafa uku, ta huɗun tana lilo daga ƙasan gwiwa, ta ci gaba da ƙoƙarin bin su.

Bikilin nan ne ya ci. Lawali ya diro daga benci ya rungumi kafaɗata yana dariya, wushiryarsa a waje. Sai ya ga fuskata. Sai ya lura wurin ya yi tsit. Ya juya a hankali ya kalli kwanar.

Wasu mutane suka kama ta, aka zo da mota, aka kafa wani koren labule tsakaninta da jama'a. Mahayin ya tashi da ƙafarsa, aka tafa masa. Mun daɗe a tsaye. Da aka naɗe labulen babu kowa a wurin sai mai share ƙasa. Sai na ce, "Ya mutu ke nan?"

Ya ce, "Ta mutu, Shu'aibu. Mace ce."

Muka kamo hanyar gida. Da magariba ta yi na tsaya a wani wurin hutawar matafiya, muka yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Shi ke ja mana salla kullum, don ya fi ni karatu. Ya tsaya, ya ɗaga hannuwa zai yi kabbara, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya sauke. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba a kanta na sa ba. A kan bikilin na sa, don na san ƙafar ba ta kai ta. Ban ga faɗuwarta ba, aboki. Tana ƙasa ina ihu." Ya koma baya, ni na ja sallar. Tikitin kuwa ban san abin da ya yi da shi ba, bai sake ambatarsa ba har ya bar duniya.

Daga ranar bai ƙara caca ba. Masu son labari mai daɗi za su so in tsaya nan, in ce ya tuba ya huta. Tuba ya yi, hutun ne ban gani ba. Dariyar nan ta ragu. In ana hira a gidan suna aka kunna talabijin ya faɗo kan tseren dawaki, sai ya tashi ya fita waje. Hadiza ta ce mini wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya tsaya da loma a hannu, yana kallon bango. Ya je wurin limaminmu, dattijo mai sanyin hali, wanda ya gaya masa ƙofar tuba a buɗe take, kuma ba shi ya aika da tirela ba, ba shi ya sa hannu a takarda ba, ajalin dabba ma a rubuce yake. Lawali ya gode, muka fito. A mota ya ce mini ya san Allah Mai gafara ne, amma ita wa zai roƙa masa ita? Ba kuɗin cacar ne ke cin sa ba. Abin da ke cin sa shi ne ta ƙi kowa ta yarda da shi, da muryarsa aka shigar da ita, sannan abin da ya sani game da ciwonta ya ɗauka ya kai taga. Na ce masa da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ya ce to shi tasa ta zagayo gaba ta zauna.

Bai bar gonar ba, ko da yake na ba shi shawarar ya dawo sito inda nake aiki. Bayan shekara biyu ko uku sai irin wannan rana ta sake zuwa. Wani baƙin doki ne wannan karon, dandaƙaƙƙe, wanda Lawali ke kira Akawal, mai ciwo a idon sawu. Mai shi ya turo tirela kafin lokaci. Akawal ba mafaɗaci ba ne, kowa zai iya shigar da shi. Lawali ya je ya zauna a kan gangaren tirelar, ya harɗe ƙafafu kamar mai jiran tuwo. Direban ya yi faɗa, ya yi barazanar kiran 'yan sanda, bai motsa ba. Madam ta fito ta tsaya tana kallo, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin ɗaga mutum. Aka yi ta waya har rana ta yi tsaka. Ƙarshe mai dokin ya fusata ya ce ya gaji da ciyar da gurgu, ya kwashe sauran dawakinsa daga gonar, wannan kuma su san yadda za su yi da shi. Madam ta yi asarar mai hulɗa babba, amma ba ta kori Lawali ba. Ta sa aka yi takardu, Akawal ya zama nasa.

Jama'armu sun sha dariya. Mutum yana gidan haya, mota tana tari, ya ɗauko doki. Aka ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Hadiza ta fi kowa faɗa, ta ce doki ba ya nono, ba ya ƙwai, ba a layya da shi, sai ci. Wani dattijonmu na zango, Alhaji Bawa, mai gida da fili babba a Pleasant Garden, shi ya ce a kawo shi bayan gidansa. Lawali ya kafa shinge da rumfa da hannunsa. Kullum in ya tashi daga Summerfield sai ya ratsa gari gaba ɗaya ya gangara kudu, ya ba shi ciyawa da dusa, ya duba ƙafa, sannan ya tafi gida. Bai taɓa ɗora masa sirdi ba. Ko Nasiru da yake ƙarami yana kuka a ɗora shi, uban ya ƙi.

Ciwon da ya ɗauke Lawali bai ba da dogon notis ba. Ƙoda ce, an gano ta a makare. A kwanakinsa na ƙarshe a asibiti zazzaɓi yakan ɗauke masa hankali, ya yi ta magana. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi, Hadiza ta je kai yaro makaranta, sai ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba, yana cewa kada a shigar da ita, a rufe ƙofar, ƙafar da zafi. Nas ɗin da ke duba shi ta tambaye ni ko wata 'yarsa yake kira, ko a nemo ta. Na ce mata doki ne. Ta yi murmushi, ta zaci abin daɗi yake tunawa. Ban gyara mata ba. Bayan kwana kaɗan ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, Alhamdu lillahi.

Yanzu ina duban garin nan ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. An sayar da gonar Madam bayan rasuwarta, inda bargar take gidaje ne iri ɗaya a jere, kowanne da garejin mota biyu. Cacar da a da sai mutum ya cika tanki ya tsallaka jiha, doka ta buɗe mata ƙofa, ta shigo aljihun kowa. A wurin aikinmu in an tashi hutun rabin rana ina ganin samari, har da 'ya'yanmu, kowa ya sunkuya a kan waya, babban yatsa na aiki. Ƙwallo ce mafi yawa, amma akwai dawaki. Na leƙa wayar wani na ga doki bai fi ƙwayar gyaɗa ba, babu ƙarar kofato, babu numfashi. Abubuwa ukun da Lawali ya yi shekaru yana koyo a gindin bishiya, manhaja ta jera su da launi, har da tsawon hutun kowane doki. Ba na jin zai yi musu wa'azi, ba halinsa ba ne. Ina jin zai karɓi wayar ya duba, kuma na san hali zanen dutse ne, idonsa zai tafi kai tsaye wurin hutun, ya gane wanda aka maido da wuri kafin ya iya hana kansa. Abin da zai yi da wannan sani daga nan, shi ne abin da ya sha bamban da Lawalin Yamai.

A bazarar da ta wuce Nasiru ya same ni bayan sallar Juma'a. Ya zama saurayi, tsawon uban ya ɗauko, da wushiryar. Yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Ya ce wasu abokan babansa sun gaya masa tsohon ba ya faɗuwa a kan doki, yana da wata dabara, ko na san ta. Yana maganar wayarsa na hannu, allon a kunne. Na tuna ubansa a layin taga. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na ce na sani, amma ba a tsaye ake faɗa ba, ya same ni gidan Alhaji Bawa ranar Asabar.

Akawal yana nan. Bayan rasuwar Lawali an zauna a kan a sayar da shi ko a bayar, don a rage wa iyalinsa nauyi. Hadiza, wadda ta fi kowa tsanar dokin, ita ta ce ba inda za shi. Daga albashinta na aikin kula da tsofaffi ake sayen ciyawarsa, ni da Alhaji muna ɗan tallafawa. Nasiru ya taso yana ganin dokin, amma bai san dalilinsa ba, ya ɗauka sha'awa ce irin ta babansa. A jikin shingen nan na ba shi dabarar duka, ban rage komai ba, da tseren baya da lafiyar jiki da hutu, da fitowa ta uku. Yana ta gyaɗa kai. Sannan na ce masa dabarar tana aiki, na ga ranar da ta yi aiki da idona, na ba shi labarin Hurde tun daga tirela har zuwa dardumar da ke kan ciyawa. Da na gama sai ya tambaye ni, da Hausa wannan karon, "Baba Shu'aibu, ya yi dariya da gaske?" Na ce ya yi, kuma dariyar ce ya yi ta biya har ya mutu.

Ba zan ce muku yaron ya goge manhajar ba, don ban duba wayarsa ba, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da na sani shi ne tun daga lokacin shi ke ɗauko ciyawa a bayan motarsa duk Asabar.

In aka auna abin da Lawali ya bari da mudun duniya, ba shi da yawa. Bai gina gida a Maradi ba, bai je Makka ba. A bakin wasu har yau sunansa mai sa'ar doki, kuma ba su san wannan suna ne ya fi ƙi ba. Ni abin da na ga ya rage shi ne mace da ke ciyar da dabbar da ba ta so saboda ta san nauyin da mijinta ya sauke a kanta, da ɗa da yanzu ya san ubansa da kyau da muni, da kuma doki ɗaya da ya tsufa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga cikin irinsa ba sa kaiwa ga furfura. Akawal ya yi ta a kewayen ido da baki, bayansa ya lotsa, haƙoransa sun ƙare har sai an jiƙa masa dusa. Likita ya ce da wuya ya ga bayan sanyin bana. Ko wannan ya biya Hurde, ban sani ba. Lawali kansa bai taɓa cewa ya biya ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka same shi kwance a cikin rana, ya miƙe wuya a kan ganyen da ya zuba. Lokacin abincinsa ya yi. Nasiru ya ɗauko ragama daga jikin ƙusa, ya nufe shi zai tashe shi, ya yi taku kaɗan ya tsaya. Ya dawo ya rataye ta. Muka juya bokitai muka zauna a kai, muna jira har dokin ya ga dama ya tashi don kansa.

Allah Ya jiƙan Lawali, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.